Hajiya ta ce sunan ne ya hana yaron kumari

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekarata 31, sana'ata gyaran waya a kasuwa. Wata huɗu da suka wuce Allah ya azurta mu da ɗan fari, namiji. Tun azumin bara na ji wani malami ya ba da tarihin sahabi Julaibib a wajen tafsiri, har sai da na yi hawaye, na ƙudurta a raina in Allah ya ba ni ɗa namiji sunan da zan sa masa ke nan. Ranar da aka haife shi na yi masa huɗuba da shi, ban shawarci kowa ba, har mahaifiyarsa. Da safiyar suna sai da liman ya sa na maimaita sau biyu kafin ya faɗa wa jama'a. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, saura Hajiya, kuma ran suna ba ta ce uffan ba. Bayan an yi arba'in sai ƙanwata ta kunna mata wani wa'azi a waya, mai wa'azin yana cewa Julaibib gajere ne, mummuna, matalauci, ba a san danginsa ba, babu macen da ke son sa. Tun ranar Hajiya ta ce na laƙaba wa jikanta wahala. Yaron da kilo 2.3 aka haife shi, har yanzu kuma bai yi kumari ba, to ta ce suna linzami ne, sunan ne ya bi shi, lallai in canza. Dangin matata kuma sun mayar da abin tsokana, suna ce mata Maman Jilbabi, kullum tana cikin kuka. Ni ina son sunan nan har cikin raina, amma ba na son saɓa wa mahaifiyata. Shin sunan yana da wani aibu? In canza ko in bari?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yaro, ya ƙara wa mai jego lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Zan yi maganar sunan, har ma in daɗe a kanta, don suna ne da nake ƙauna. Amma akwai abu guda a wasiƙarka da ba zai jira a gama muhawara ba, shi ne jikin yaron. Duk jaririn da ya zo duniya ƙasa da kilo 2.5 ma'aikatan lafiya suna sa masa ido fiye da sauran. Da yawansu suna kamo tsaransu sannu a hankali, kuma ido ba sikeli ba ne: kaka takan gwada jikanta da ɗan maƙwabta da aka haifa ɓul-ɓul, sai ta ga kamar nata ba ya motsi. Katin awo shi ke raba gardama. Ana duba ko nauyin yana hawa daga wannan awo zuwa wancan, kuma galibi jariri kan ninka nauyin haihuwarsa tsakanin wata huɗu zuwa shida. Ɗan wata huɗu ya kamata a ce ya karɓi rigakafin sati 6, da na sati 10, da na sati 14, kuma a waɗannan zuwan ne ake ɗora shi a sikeli. Ka ɗauko katin yau da daddare ka duba da idonka. In an tsallake wani zuwa, ko ka ga nauyin ya tsaya wuri ɗaya, asibiti za ku nufa cikin satin nan. In kuwa yana ƙin kama nono, ko zazzaɓi, ko gudawa, ko numfashi sama-sama, to ba a kwana da shi a gida.

Ka kuma bincika, cikin hikima, me ke shiga bakinsa ban da nono. Ruwa, dauri, jiƙo, rubutu, duk da kyakkyawar niyya ake ba jarirai, amma cikin jariri ɗan mitsitsi ne, kowane cokali ya shiga ya tare gurbin nono, ga shi yana iya shigar da cuta. Nono zalla har wata shida, shi ne abin da likitoci suka tsaya a kai. Mai shayarwar da ke yini cikin kuka kuma ba ta sakewa ta ci ta ƙoshi, ba ta sakewa ta zauna yaro ya sha ya ƙoshi. Ashe ka ga rigimar sunan ta fi sunan kansa kusa da taɓa lafiyar ɗanka.

To, Julaibib. Kalmar Larabci ce, kuma babu muni a cikinta, babu gajarta, babu talauci. Tushenta jilbab, wato tufa mai yalwa da ake lulluɓawa a kan sauran kaya, wadda jam'inta ya zo a Alƙur'ani cikin Suratul Ahzab, aya ta 59. Mu Hausawa in za mu ƙanƙanta abu sai mu sa masa "ɗan" ko "'yar" a gaba: ɗan yaro, 'yar riga. Larabawa kuwa cikin kalmar suke shiga su juya wasulanta, su sa "u" a farko, "ai" a tsakiya. Malaman sarfu suna kiran wannan tasgiri. Da shi Hasan ya haifi Husaini, Sahlu ya haifi Suhailu, Abdu ya haifi Ubaidu. Jundu, wato runduna, ita ta ba mu Junaidu. Hirra kyanwa ce, ƙaramarta Huraira. Haka jilbab ya zama Julaibib, kuma Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, haka ya fassara shi a littafinsa na tarihin sahabbai. Ma'anarsa ke nan kaf: ɗan mayafi, 'yar riga.

Ƙanƙantawar ma ba kullum take nufin raini ba, sau da yawa shagwaɓawa ce da jawowa a jiki. Da irin wannan siga Luƙmanu ya kira ɗansa a Alƙur'ani, "ya bunayya", kamar dai yadda uba zai ce "ɗan yarona". Kuma ban taɓa jin wanda ya ce Wazirin Sakkwato Junaidu, da ya rasu a 1997 bayan ya cika ƙasar nan da ilimi da rubuce-rubuce, ƙanƙantar da ke cikin sunansa ta rage masa wani abu ba.

Dangin matarka da ke cewa Maman Jilbabi, da gangan ko da rashin sani, ba su yi nisa da gaskiya ba. Sai dai su tuna me muke kiran tufa da Hausa in muna son girmama ta. Sutura. Kalmar da muke roƙon Allah da ita in mun ce ya suturta mu duniya da lahira. Ni in aka ce in fassara wa tsohuwar da ba ta yi karatun Larabci ba sunan jikanta, abin da zan ce mata ke nan: ɗan sutura.

Mai sunan na farko mutumin Madina ne. Gaskiya ne marubuta tarihin sahabbai sun ambaci cewa ba shi da kyan fuska, wasu sun ƙara da gajarta, ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma a kalma ɗaya ko biyu suka faɗa suka wuce. Masu wa'azinmu ne, don su sa zukata su karye kafin su kai ƙarshen labarin, suke shafe rabin sa'a suna jan wannan kalma kamar danƙo, kowa yana ƙara nasa gishirin. Littattafan ba su kawo sunan mahaifinsa ba, sai aka mayar da hakan "ba shi da asali", alhali rashin a rubuta nasabar mutum daban, rashin asali daban. Kai ka saurari labarin har ƙarshe, ka tashi da ƙarshensa. Hajiya farkonsa ne ya daki zuciyarta, ga kuma jika ƙanƙane a kan cinyarta. Wa'azi iri ɗaya kuka ji.

Akwai ma abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. A ruwayar da Imamu Ahmad ya kawo daga Abu Barza al-Aslami, Julaibib mutum ne mai raha da barkwanci, yakan bi ta wajen mata ya tsokane su, har Abu Barza ya gargaɗi matarsa kada ta bari ya shigo mata. Wato ba wani abin tausayi ba ne da ke raɓe a lungu yana sharar hawaye, kamar yadda ake zana mana shi. Mutum ne mai jini a jika, mai baki, irin wanda unguwa ke sanin yana nan.

Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi masa tayin aure, sai ya ce, "Ashe za ka tarar na yi kwantai." Kai ɗan kasuwa ne, ka san ciwon wannan kalma, ka san wayar da ta shekara a cikin gilashi ba wanda ya taya. Aka ba shi amsa: "Amma a wurin Allah ba ka yi kwantai ba." Daga nan Manzon Allah (SAW) da kansa ya nemar masa 'yar wani mutumin Ansar. Uban ya yi murna da farko, a zatonsa Annabi ne ke nema wa kansa. Da ya ji wa ake nema wa sai ya ce bari ya shawarci uwarta. Uwar ta yi ta maimaita sunan, Julaibib, Julaibib dai, ta rantse ba za su ba shi ba. Ka lura da wannan, ƙanena: mutum na farko da tarihi ya nuna mana ya ji sunan nan ya ɗaga murya, uwa ce, sahabiya kuma, tana jin tsoron abin da zai sami ɗiyarta. Hajiya ba ita ta fara ba.

Yarinyar ce daga cikin ɗaki ta tambayi wa ya aiko. Da aka gaya mata ta ce, "Za ku mayar wa Manzon Allah umarninsa? Ku miƙa ni gare shi, ba zai tozarta ni ba." Aka ɗaura. Aka yi mata addu'a cewa Allah ya kwararo mata alheri kwararowa, kada ya sa rayuwarta ta zama wahala. Masu ruwaya sun ce bayan rasuwar mijin babu bazawarar da ta fi ta kasuwa a cikin Ansar. Matar wanda ya kira kansa kwantai ke nan.

Ƙarshen labarin yana cikin Sahihu Muslim, a babi na musamman kan falalarsa, kuma a nan babu ko kalma guda game da fuskarsa ko tsawonsa. An gama wani yaƙi, Allah ya ba da nasara da ganima. Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai ko akwai wanda suka rasa. Suka lissafa wane da wane. Ya sake tambaya, suka ƙara lissafawa. Ya kuma tambaya, suka ce babu saura. Sai ya ce, "Ni kuwa na rasa Julaibib, ku nemo shi." Aka same shi kwance kusa da mutum bakwai da ya kashe kafin a kashe shi. Annabi ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Ya kashe bakwai sannan suka kashe shi. Wannan daga gare ni yake, ni ma daga gare shi nake." Ya maimaita. Ya ɗora shi a kan damatsansa, ba shi da wata makara sai hannayen Annabi, har aka gama haƙa kabari aka sa shi. Kowa ya manta da shi a lissafi, mutum ɗaya ya tuna, kuma wannan ɗayan ya ishe shi.

Saura "suna linzami". Kada ka yi wa Hajiya dariya a kan wannan, don maganarta tana da ƙafa a addini. Buhari ya kawo cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, wato ƙasa mai tsauri. Annabi ya ce masa a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi. Ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai bar gidansu ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da aka hango Suhailu ɗan Amru ya taho a madadin Ƙuraishawa, Annabi ya ce wa sahabbai al'amarinsu ya yi sauƙi, yana kyautata fata da sunan mai zuwa. Ya canza wa mutane da dama suna, maza da mata, in ma'anar ta munana ko ta zama yabon kai. Duk wannan haka yake. Amma duba da kyau, ma'anar kalma ake bi a duk waɗannan, ba surar wanda ya taɓa ɗaukar sunan ba. Kuma shi wannan Annabi da bai bar Haznu ya wuce ba sai da ya yi magana, ya zauna da Julaibib a gari ɗaya, ya kira sunan da bakinsa a neman aure, ya kira shi a filin yaƙi, bai canza shi ba. Ni wannan ya ishe ni hujja.

In da jiki ana gadonsa ta hanyar suna, da babu mai sa wa ɗansa Ayuba, don kowa ya san jinyar da Annabi Ayuba ya sha. Da an guji Yakubu saboda ido, an guji Yusufu saboda rijiya da kurkuku, an guji Bilalu saboda bauta. Mu kanmu da muke cewa yaro ya biyo takwaransa, hali muke nufi. Mukan ce Umaru da zafi a kan gaskiya, Usmanu da kunya, mu yi wa Ali kirari da gadanga ƙusar yaƙi. Ba wanda ya taɓa auna tsawon wani Umaru don ya ga ko ya kai na ɗan Haɗɗabi. In an bi wannan ma'auni namu na gida, abin da ɗanka zai ɗauko a wurin takwaransa shi ne sakin fuska, da zuciyar tsayawa gaban bakwai, da matsayin da aka ce "daga gare ni yake".

Kai, ko ta ma'anar ma aka bi, sunaye nawa muke ɗauka da alfahari ba mu taɓa tambaya ba? Abbas mai murtuke fuska ne. Bakru ɗan raƙumi ne, ga Abubakar a kowane gida. Hanzala wani ɗan itace ne mai ɗacin tsiya, amma sunan sahabin da mala'iku suka yi wa wanka ne a Uhudu. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Hadiza. Asalin kalmar Khadija a Larabci jaririyar da aka haifa kafin cikinta ya cika, abin da muke kira bakwaini. Na tabbata a danginku ba a rasa Hadiza ba, kuma na tabbata akwai ƙatuwa a cikinsu. Uwar muminai da ta fara ɗaukar mana sunan attajira ce da ake fatauci da dukiyarta har Sham, ta haifi 'ya'ya, ta tsaya wa Annabi lokacin da babu kowa. Kakanninmu kuma har da gangan suke sa wa yaro suna mai arha. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa in ta sake haihuwa sai a ce Ajuji, ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Sarkin Gobir da ya girgiza ƙasar Hausa daga Alƙalawa a ƙarni na 18 Bawa ake ce masa, Bawa Jan Gwarzo.

Yanzu bari in taɓa inda nake jin gizo yake saƙa. A rabin layi ka ambaci rasuwar mahaifinku ka wuce, kamar ba ta shafi zancen ba. Ni kuwa a nan na tsaya. Uba ya rasu, ba a fi shekara biyu ba, ɗansa ya sami ɗan fari namiji. Wane suna duk wanda ya zo cin goron sunan nan yake jiran ya ji daga bakin liman? Kai ma ka sani. Hajiya ta yi wata tara tana jiran a mayar mata da maigidanta. Da an yi hakan ba za ta ma kira sunan ba, sai dai ta ce Abba, ko Baffa, ko Maigida, ta riƙa yi masa wasan miji tana cewa ya kawo kuɗin cefane. Sai ga liman yana tuntuɓe da wani suna da ba ta taɓa ji ba. Shirun da ta yi ran suna ba yarda ba ce. Kuma mace irin Hajiya, da kunyarta da shekarunta, ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta "na so ka sa sunan mijina" ba. Wa'azin da ƙanwarka ta kunna ya ba ta dalilin da za ta iya faɗa da babbar murya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai ka fi ni sanin mahaifiyarka, amma ka juya wannan a ranka kafin ka ce ba haka ba ne.

A nan kuwa kana da laifi, ba zan shafa maka mai a baki ba. Malamai sun ce in an yi saɓani uba ke da haƙƙin zaɓen suna, gaskiya ne. Amma ka ɓoye abu a ciki tun azumi, ka hana uwar da ta haife ka, ka hana matar da ta ɗauki cikin, wannan ba amfani da haƙƙi ba ne kawai, gudun kada a hana ka ne. Ka san za a yi magana, shi ya sa ka yi shiru. Ga wani abu kuma: ɗan fari ne. A al'adarmu kai da mahaifiyarsa ku ne masu kawaici a kansa, ba ku cika kama sunansa ba. Masu kiran sunan safe da yamma su ne kakanni. Wato ka zaɓi sunan da ya yi wa kunnenka daɗi, ka miƙa wa harshen Hajiya aikin ɗaukarsa.

Sunan yana da nauyi a bakin Bahaushe, wannan ma a yarda. Za a ce Julaibibu, kamar yadda Habib ya koma Habibu, ba komai. A makaranta za a sami masu tsokana, maganinsu shi ne yaron ya tashi ya san labarin takwaransa tun kafin a gaya masa gurguwar sigarsa. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne rubutu. Ka tsayar da harafi ɗaya ɗaya yadda kake so, ka tsaya a kan ma'aikacin da zai cika takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya har ka ga ya rubuta daidai, don ita za a bi a yi masa lambar NIN, ita za ta bi shi har jarrabawar gama sakandare da fasfo. Baƙon suna kowa da yadda yake rubuta shi, gyaran kuma wahala ne. A takardar nan akwai gurbin sunan iyali. Ka sa sunan marigayi a wurin, ka kai wa Hajiya ta gani, ko a karanta mata.

A canza ko a bari? Canza suna halal ne, kuma ba sai an sake yanka rago ba. Amma shawarata kada ka canza yanzu. Ka ƙaddara ka canza a satin nan, a satin nan kuma aka kai yaro asibiti, aka daina ba shi ruwa, uwarsa ta sami kwanciyar hankali, ya fara cika. Wa za a yaba wa? Sabon suna. Shi ke nan ka kafa wa gidanku doka har jikoki: yaro ya rame, a nemi liman, ba a nemi sikeli ba. Annabi ya kore camfi, ya ce kyakkyawan fata ne ke burge shi, kuma canza suna don tsoron shi ke tsotse yaro camfi ne ko da an sa masa rawani. Ka bari lafiya ta fara zuwa alhali yana Julaibib ɗinsa, kowa ya gani.

Kafin nan ka je wurin Hajiya kai kaɗai, bayan isha'i, lokacin da gida ya yi shiru. Ka bar wayarka a aljihu, kada ka je da wa'azin da zai rushe na ƙanwarka, kada ka fara da ƙala Rasulu. Uwa ba ta son ɗanta ya zo ya ci ta da ilimi. Ka zauna a ƙasa ka ce, "Hajiya, na yi kuskure da ban kawo miki maganar sunan nan ba tun farko, kuma na san akwai sunan da ya fi cancanta a fara tunawa da shi. Ki yafe min." Sai ka yi shiru. In ta yi kuka ka bar ta ta yi. In ta huce, ka roƙe ta ta zaɓa masa sunan da za a riƙa kiransa da shi a gida, duk wanda ta ga dama, kuma kai ka fara kiransa da shi a gabanta. Mutum nawa ka sani a kasuwarku da sai ranar ɗaurin aurensu aka ji sunansu na yanka? Labarin ɗan sutura da hannayen da suka zama makara, ka adana shi sai wata rana da ta tambaya da kanta, ko ka sa wani ƙanen mahaifinku da take jin nauyinsa ya ba ta shi cikin hira. Maganar mayar da sunan marigayi ga ɗa na gaba, in Allah ya kawo, kada ka yi alkawarinta sai ka fara zama da matarka, kada a maimaita 'yar gidan jiya.

Ita ma matar taka tana bin ka bashin ban haƙuri, don tsokanar da take sha kai ka jawo mata. Kada ka tunkari danginta da kanka, surukai ne. Ka gaya mata ma'anar sunan da labarinsa tiryan-tiryan, ta sami abin mayarwa, sannan ta kai kukanta wurin wata babba a gidansu, gwaggo ko yaya, ita za ta tsawatar. Ƙanwarka kuwa ka ce mata ta huta da kunna wa Hajiya wa'azi a kan wannan batu.

In duk an yi wannan, yaro ya murmure, watanni sun shuɗe, Hajiya kuma har yanzu sunan yana ci mata rai ta ce a canza, to ka canza, ka gaya mata a fili don farin cikinta ka yi, ba don tsoron sunan ba. Sa wa ɗa sunan sahabi abu ne mai kyau, ba farilla ba ne, ita kuwa uwa ka san matsayinta. Sai dai ban zaci za a kai can ba.

Ranar awo mai zuwa, ka rufe shago ka ɗauki su uku, har da Hajiya. Ita za ta riƙe yaron a layi, ita za ta ji an ƙwala kiran sunansa daga kati a gaban mata, ita za ta ɗora shi a sikeli. Maganar ruwa da dauri ka bar ma'aikaciyar asibiti ta gaya mata da bakinta, don abin da za ta karɓa daga mai farar riga ba za ta karɓe shi daga suruka ba. In kun dawo ka rubuto min nauyin da aka samu, da na watan da ya gabata.